Hatimin da Ba Ya Shan Tawada

Hatimin babana na tagulla ne,
ya yi baƙi daidai inda babban yatsa ke zama.
Shekara talatin yana buga shi a gindin takarda
a rumfarmu ta kasuwar Dole.
Fatu su baro majema, su hau mota,
duk wanda ya ga tambarin ya sani:
Kanta ya ƙirga, ba a sake ƙirgawa.

Ran Talata a biro, Malam Tasi'u ya mayar mini da shi
da hannu biyu, cikin ladabi.
Ya ce yanzu na'ura ke karɓar shaida,
ita kuwa ba ta san Kanta ba.
Ya miƙo wani abu da bai kai ɗan yatsa ba.
Kile ne, in ji shi, sunanka na ciki.
Kada ka ara wa kowa,
ko wanda kuka sha nono ɗaya.

Falmata, ƴar ƙanena, ta zo bayan la'asar,
ta aza kwamfuta bisa tarin fatu,
warin bagaruwa na sa ta atishawa.
Ta ce sai an girka masa mazauni tukuna,
baƙo ba ya sauka ɗakin da ba a share ba.
Wani siririn layi kore ya kama tafiya a gilashi,
sannu sannu,
kamar ruwan famfon Damagaram ranar da ya ga dama.
Sittin. Saba'in. Tamanin da huɗu.
Nan rezo ya ɗauke.

Muka sungumi na'ura, muka hau dutsen bayan gida,
ni da rigata a tattare, gwiwa na ƙara,
awakin Birni sun tsaya suna kallonmu.
A can sama layin ya farfaɗo, ya cika.

Sai ta yi tambaya, na'urar:
ka amince da mai ba da wannan shaida?
Na ce, wa ya tsaya masa?
Falmata ta buɗe, ta nuna mini:
wannan, wancan ya lamunce shi,
wancan kuma wani babba a bayansa,
har a kai ga saiwa.
Na yi dariya. Ashe salsala ce.
Haka babana ke yi wa baƙon dillali:
ɗan wa ne kai, wa ya sauke ka?

Da aka zo kalmar sirri
yarinya ta juya mini baya da kanta,
ta fuskanci hasumiya.
Ban da sunanka, Kawu, ban da shekarar haihuwa.
Na ɗauko abin da tsoho ke faɗa in wuƙa ta zame masa,
na haɗa da adadin fatun da ruwa ya ci mana
a daminar da ba mu son ambato.
Sau biyu yatsana ya kuskure.
Na uku in ya ɓaci, ta ce, ƙofa ta rufe.
Na goge hannu a riga. Na yi bisimilla.

Wani ɗan kwaɗo ya bayyana a kusurwa,
ba na tabki ba, na ƙofa, a kulle.
Takardar fatu ɗari huɗu ta tafi
ban ji ƙarar bugawa ba,
ba tawada a yatsana.

Wai bayan shekara biyu zai mutu, sai an sabunta.
Na tagulla bai san wannan ba.
Na ɗinka musu jaka guda da ragowar jar fata,
na rataya a wuya, ƙarƙashin riga.
In na yi sauri zuwa masallaci
ina jin su suna ƙwanƙwasar juna,
tsoho na tambayar yaro ko ɗan wa ne.